Masaukin Kyauta a Gidan Yaya

Shekarar da matata ta rasu, ita ce shekarar da aka fara ba ni konje, wato hutun aiki. Ina aikin rubuta kilo a wurin awon gyaɗa na wani kantin Nasara a Magariya, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasa. Da aka rufe awo, bazara ta kama, sai Nasaran ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce in je in huta kwana goma, albashina na tafiya. Na yi godiya, na fito na tsaya cikin rana. Ban san yadda ake hutu ba. Mu a Guci, inda aka haife ni, in ka ga mutum ya ajiye aiki, to ko ciwo ne ko sallah.

Wajen haihuwa ta rasu, a ƙarshen damina, ita da abin da ta haifa. Ta bar mini biyu: yarinya 'yar shekara bakwai, ita ce ta fari, da namiji ɗan shekara uku. Mutane suka yi ta yaba haƙurina, har liman ya taɓa ba da misali da ni. Ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Ba na jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina cin tuwo, ina sallah, ina rubuta kilo.

Yarinyar ce ta kawo maganar Damagaram. Ta kawo mini ruwan alwala, ta tsaya tana kallon ƙasa, ta ce, "Baba, Inna ta ce ran da aka ba ka hutu za ka kai mu birni mu ga gidan sama." Ban tuna na yi wannan alkawari ba. Wataƙila uwar ce ta yi shi da bakina don ta lallashe su. Na ce to, za mu je. Ba don marmari na faɗa ba, don dai ban ga abin da zan yi da kwana goma a tsakar gidan nan ba.

Shirin tafiya ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata, domin ya ba kaina abin taunawa. Albashin mai rubuta kilo ba ya ɗaukar baki uku zuwa birni sai an yi dabara, ni kuwa dabara ce kaɗai ta rage mini. Motar kantinmu tana zuwa Damagaram ran Alhamis ta ɗauko kananzir da yadi, kuma wayam take tafiya. Na ba direban goro, ya ce mu hau baya kan buhunan wofi, amma in an zo wucewa ta gaban gidan kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, mu kwanta kar a gan mu. Guzuri kuma daga rumbu zai fito, ba daga aljihu ba: dakuwa, gumba, ƙuli-ƙuli, da gorar ruwa. Abin da za mu kalla ma na zaɓi wanda ba a biya, wato duwatsu, da ganuwa, da kasuwa, da gidajen Nasara daga nesa. Na ware dala biyu domin rake da alewa, kar yara su dawo su ce birni babu zaƙi.

Saura masauki. A unguwar Zango akwai masu saukar da baƙi, amma kwana da abinci na mako guda zai cinye abin da za mu ci har damina. A cikin Birni kuwa ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tana auren wani baduku. Ita ta goya ni lokacin da uwarmu ta rasu. Shekara ashirin da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Gidanta da ɗaki, da tuwo, da ruwan wanka, duk kyauta.

Surukata, uwar matata, ta baro Bande tun rasuwar ta zo ta zauna da jikokinta. Gida ɗaya muke, amma ba ma haɗa ido, ba ma zama wuri guda. In tana da magana, sai ta tsaya bayan zanar da ta raba tsakar gida ta faɗa wa kaji. Ran da take daka mana dakuwa, na ji ta dakatar da taɓarya.

"Wanda ya kai marayu biyu gidan da babu ɗa," in ji ta, "da ɗaya zai dawo."

Na ce wa zanar, "Iya, yayata ce fa, ba kura ba."

"Ban ce kura ba ce. Mai so ce, ita ce ma abin tsoro. Mai rasuwa, da naƙuda ta yi tsanani, ta riƙe hannuna ta ce kar a raba su. Maza ba sa shiga wurin, shi ya sa wani bai ji ba. Yanzu ya ji."

Ta ci gaba da daka. Na tsaya ina jiran maganar ta soke ni, ba ta soke ni ba. Na ɗauke ta kamar yadda nake ɗaukar umarnin Nasara: an ce a dawo da biyu, to, a dawo da biyu. Da ina da cikakken hankali da na fasa gidan Yaya, na kwana uku a Zango maimakon bakwai. Amma na riga na gama shiri, kuma shirin ya yi kyau, ba na son a taɓa mini shi.

Na san wanda Yaya za ta nema, ko in ce na ɗauka na sani. Da ta zo gaisuwar mutuwa, kwana uku yaron nan yana bayanta, ko sallah za ta yi sai an ɓamɓare shi. Saboda haka na shirya masa katanga. Yana ɗan tari tun sanyi, sai na mai da tarin babba. Na karɓo laya wurin wani malami na rataya masa, don a ga shaida. Na tsara magana: ciwo gare shi, maganinsa a Magariya yake, ba ya barci sai a jikin kakarsa. Har yarinyar na zaunar na koya mata. Na ce in gwaggonki ta tambaye ki, ki ce ƙanenki ba shi da lafiya, yana tari har ya yi amai. Ta maimaita sau uku ba kuskure. A bayan mota ma, muna tsalle kan buhuna bayan mun wuce Bande, ina ta bitar maganata kamar ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko.

Yaya ta tarbe mu da guɗa. Ta yanka kaza, ta yi tuwon shinkafa, abin da yarana ba su taɓa sawa a baki ba. Kwana biyar muna fita da hantsi mu dawo da azahar. Mun ga duwatsun nan da ke zaune kan juna ba wanda ya ɗora su. Mun ga gidan sama, yarinyar ta tambaye ni ta ina awakinsu ke hawa. Mun ga wata Banasariya a kan keke, yaron ya ɓuya a rigata yana ihu. Na saya musu rake ɗaya na raba biyu. Su suna kallon birni, ni ina kallonsu, ina jira in ji wani abu, shiru. Abin da kawai nake sani shi ne ban da na raken nan kuɗina bai taɓu ba, ina ta yaba wa kaina.

A gida kuwa Yaya ta tsefe kan yarinyar ta yi mata kitso, ta sa mata lalle, ta ɗauko wani zane daga ƙasan adaka ta rage mata shi. Na gani da idona. Abin da ya zo mini a rai, wallahi, shi ne an rage mini kuɗin kitso.

Ran nan ina zaure na ji Yaya tana tambayarta layar wuyan ƙanenta. Yarinyar ta zuba karatun da na koya mata tsaf, ta ƙara da nata. Ta ce in ya fara tari ita ke tashi ta dafa masa ruwa da kanwa, ita ke goya shi, ita ke wanke masa jiki, don Kaka bayanta na ciwo.

"Ke kaɗai?" in ji Yaya.

"Ni kaɗai, Gwaggo. Har tuwo na iya tuƙawa in an sauke mini tukunya."

Na yi murmushi a zaure, na ce yarinyar nan ta iya aika.

Ana gobe za mu tafi, da hantsi, Yaya ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Mijinta ya ajiye fatar da yake ɗinki ya zo ya zauna. Aka kira wata tsohuwa maƙwabciya ita ma ta zauna. Da na ga tsohuwar na san an zo wurin.

"Ƙanena," in ji Yaya, "abu zan roƙa a wurinka."

Ban bari ta kai ƙarshe ba. Na kwance jakar maganata, na faɗi tari, na faɗi amai, na faɗi malamin Magariya, na faɗi kaka. Ta bar ni har na gama, tana kallona kamar lokacin da nake ƙarami in na yi ƙarya a kan nonon da na sha.

"Wa ya ce maka namijin nake so? Riƙe abinka da tarinsa, Allah ya ba shi lafiya. Babbar za ka bar mini."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce, to, ka ce a'a mana. Amma 'yar fari ce. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In an yabe ta sai in kau da kai, in ta faɗi a gaban baƙi sai in jira wani ya ɗaga ta. Haka ubana ya yi wa Yaya, haka aka yi wa kowa. Namijin ina da bakin da zan kare shi, ko kuka na yi a kansa ba mai zargina. Ita kuwa, in buɗe baki gaban yayata da mijinta da tsohuwar unguwa in ce ina son 'yata ta fari, ba zan iya rabuwa da ita ba, wannan rashin kunya ce da za a kai labarinta har Guci. Duk shirin da na yi, ban shirya kalma ɗaya domin ta ba.

Na ce, "Uwarsu dai ta bar magana, ta ce..."

"Allah ya jiƙanta," in ji Yaya. "Ita ma da tana nan, kara za ta yi mini. Yarinya mace, ba uwa, wa zai koya mata zaman gida? Kai da kilonka?"

Mijin ya ce, "Ai ɗan fari ba na iyaye ba ne."

Tsohuwar ta ce, "Haka muka tarar."

Suka zuba mini ido. Na ji bakina ya ce, "Ai taki ce, Yaya. Ko ba ki roƙa ba taki ce." Muryata ko rawa ba ta yi ba. Tsohuwar ta sa mini albarka, ta ce ta daɗe ba ta ga mai kara irina ba. Aka shafa fatiha, mijin ya koma kan fatarsa.

Ba ni na gaya wa yarinyar ba, Yaya ce. Da safe na ɗaure kayanmu, na saɓa yaron a kafaɗa. Ta biyo mu har zaure da sabon zanenta, Yaya na tsaye a bayanta, hannu a kan kafaɗarta. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini ƙullin kanwa ta ce kaɗan ake sawa, in ta yi yawa ba ya sha. Na karɓa. Na ce ta yi wa gwaggonta biyayya, ta riƙe sallah.

Sai ta ɗago kai ta dube ni a ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ban faɗi maganar tarin daidai ba ne?"

Amsar ba ta da wuya. Daidai ta faɗa, ba ta yi laifin komai ba, ni ne na kawo ta don masauki ya zo mini da araha. Amma Yaya na tsaye, mijinta na zaune da basilla a hannu, mota kuma ba ta jira. Na ce, "Shiga gida." Ta juya ta shiga.

A gidan ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Yaya ta riƙe ta da kyau, ba zan ci amanarta ba. In na je Damagaram takan zo ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, ta tambayi ƙanenta, ta tashi. Ba ta sake yi mini wata tambaya ba, ni kuma har ta haifi nata 'ya'yan ban amsa mata waccan ba.