Kujerar Hedimasta

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da muka je ɗauko kujeru a Gwarzo. Farkon shekarun Shari'a ne, ina koyarwa a wata 'yar firamaren marayu a ƙauyenmu, can gefen Durun. Ba mu da komai sai allo da alli. A ƙasa yara suke zama, in damina ta yi ajin ya jiƙe, sai dai a yi darasi a tsugune.

Da abin ya ishe mu, ni da hedimastanmu, wani dattijo mai tsananin kunyar roƙo, muka je wurin wani Alhaji ɗan kasuwa da aka ce yana taimakon marayu. Gaisuwa kaɗai ta cinye rabin zaman. Sai da na zungure shi sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, mu dai kujera ce damuwarmu."

"Kujera? An ba ka, Malam. Ka dawo bayan Juma'a."

Murna kamar ta kashe mu. Muka sa yara suka share aji tas, muka ɗauko hayar a-kori-kura, muka tafi da igiyoyi. Ni har da gargaɗin direba kada ya yi gudu a dawowa, kar kayan su karye.

Alhaji ya fito, ya dubi motar, ya dube mu, ya ce, "Malam, ina fasfo?"

"Fasfon me, Alhaji?"

"Na tafiya mana! Ba kujerar Makka ka roƙa ba? To wannan igiyar fa, jirgin za ku ɗaure?"

Wayyo Allah! Direba ya yi dariya har ya durƙusa, ni ma na kasa riƙe tawa. Hedimasta ne kaɗai bai dara ba. Mutumin nan duk shekara shi ke raka mahajjata tasha, ya dawo idonsa jawur. Alhaji ya ce kuɗin abu ɗaya ya ware bana, sai Hedimasta ya zaɓa: ko Makka, ko katako. Direba ya raɗa masa, raɗar da har maƙwabta sun ji, "Baba, karɓi! Ai yaran sun saba da ƙasa."

Dattijon ya ɗago kai ya dubi Alhaji. Can ya ce, "Alhaji, ta zama nake nufi. A mayar mana da ita benci."

Wallahi nan take dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni.

Bencina suka iso, ajujuwa suka cika. Mutanen ƙauye kuwa suka laƙaba wa Hedimasta sunan Alhaji don tsokana, yana amsawa yana murmushi, har ya rasu bai taka Makka ba.

Abin ya koya mini cewa in za ka roƙi mai hali, ka buɗe baki ka faɗi maganar ta fita sarai. Ya kuma koya mini cewa riƙon maraya ba ba shi abin da ya rage maka ba ne, ba shi abin da kai ma kake kukan rashinsa ne.