Fanka Huɗu da Kaset ɗin Inna

A shekarun da kaset ɗin bidiyo yake barin gari, faifan sidi yana shigowa, ina da ɗan shago a Kura, bango ɗaya da injin casar shinkafa. Aikina buga takardu da haɗa hotunan biki. Kwamfutar da nake tinƙaho da ita ni na harhaɗa ta da hannuna, guntu-guntu, daga kayan gwanjon Kano. Akwatinta fari ne da ya koma ruwan ƙasa, amma a lokacin duk wanda ya taɓa shi ba da izinina ba, to mun ɓata. Har yau ina kewar ƙarar da take yi idan na kunna ta da safe.

Baba bai taɓa shiga shagon ba. Manomin rani ne, gonar tumatirinsa tana wajen Kadawa. Kullum yakan wuce a kan kekensa, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya tsaya ba. Bai taɓa cewa na yi laifi da na ajiye fartanya ba, ni kuwa na fi son a ce ya faɗa, don shirun nan yana cina.

Shekara biyu bayan rasuwar Inna, yayata da ke aure a Bunkure ta aiko da wani kaset. Na sunan ɗanta na fari ne, kuma ta ce Inna ta fito a ciki, can wajen ƙarshe. Ban da shi, ba mu da wani abu a duniya da yake ɗauke da motsinta ko muryarta. Kaset ɗin ya sha damina a ƙasan akwati har ya yi fumfuna, duk kunnawa ɗaya kuma sai ya ƙara lalacewa. Baba ya aiko mini da saƙo cewa idan zai yiwu a mayar da shi faifai, yana son ya gani. Wannan ne abu na farko da ya taɓa nema a wurin sana'ata.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda muke kira furosesa, ba ta da saurin da zai ɗauki bidiyo. Hoto sai ya riƙa tsalle, murya tana gaba, baki yana baya. Na san dabara: akan shiga saitin kwamfutar a tilasta wa furosesa gudu fiye da yadda aka ƙera ta. Na yi hakan, hoto ya daidaita, na ji kaina ya kumbura. Sai dai mai gudu dole ya yi zafi, ga shi kuma ana tsakiyar bazara, rufin shagona kwano ne. Don haka na nemo fanka huɗu ƙanana na ɗaura a jikin akwatin, gaba da baya da sama, dukkansu suna hura iska ciki. A lissafina, yawan iska shi ne yawan sanyi. Sannan saboda garin ɓuntu da injin maƙwabcina yake watso mana duk yini, na bi duk wata huda da ta rage a akwatin na liƙe da kwali da salatif. Na ja da baya na kalli aikina, na ce ko a Kano sai haka.

Na kunna kaset, aka fara ɗauka. Minti ashirin ba ta cika ba kwamfutar ta mutu ɗif. Washegari na sake gwadawa, ta sake mutuwa a daidai wurin, ana fiɗar rago, Inna ba ta fito ba. A karo na biyun na ga wasu fararen layuka a hoton da babu su jiya. Na tabbata idan na kunna na uku aka kuma yin haka, wataƙila ni da hannuna na goge fuskar mahaifiyata.

Ranar ce Baba ya jingine kekensa a ƙofar shagon bayan la'asar, ƙafarsa duk taɓo. Ya ce ya ji shiru ne. Na yi masa bayani da manyan kalmomi, don kada ya gane cewa na rasa yadda zan yi. Ya durƙusa ya sa tafin hannu a gaban akwatin, ya kai baya, ya ɗora a sama, ya janye da sauri saboda zafi.

Ya ce, "Iskar nan da kake ɗura masa, ta ina take fita?"

Na ce ai ba a so ta fita, sanyinta ake so ya zauna a ciki. Ya dube ni kamar yadda yake duban sabon ɗan ƙwadago da ya zo gona da takalmin fata. Ya tambaye ni ko na manta abin da ke samun tumatir idan aka buɗe wa fangali ruwa aka toshe magudana. Ban manta ba: ruwan yakan kwanta, rana ta dafa shi, saiwa ta ruɓe, da safe ka tarar shuka ta sunkuya alhali tana tsaye cikin ruwa. Raina ya ɓaci, na fara musu cewa kwamfuta ba gona ba ce. Kafin na gama ya ɓare salatif ɗin da farcensa.

Ya zare zare ɗaya daga bakin rigarsa, ya riƙa kai shi gaban kowace fanka yana kallon inda zai karkata. Ya sa na bar biyun gaba, na ƙasa, suna jawo iska, na kwance ta baya da ta sama na juya su suna fitarwa. Wayoyin da na bari a cukurkuɗe a tsakiya ya ce in ɗaure su gefe guda, don ko a kanal ɗin ban ruwa ciyawa ce take tare ruwa. Da na yi ƙorafin ɓuntu, ya ce in yanko tsohon gidan sauro in sa a gaba, in riƙa kaɗewa. Muka kunna. Zaren ya miƙe a bayan akwatin, iska mai ɗumi tana fita, lambar da ke nuna zafi ta fara sauka. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar.

Na yi bisimilla na tura kaset. Baba ya zauna a kan benci, hularsa a gwiwa. Aka wuce fiɗar rago, aka wuce mata suna rabon waina, ni idona yana kan lambar zafi, ba ta motsa ba. Sai ga Inna ta fito daga ɗakin girki da kwano a hannu. Ta hango mai ɗauka, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana dariya, ta ce ya tafi ya ɗauki masu kwalliya, ita hayaƙi ya gama da ita. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Da aka gama na adana, na ce masa yanzu hoton ya shiga kwamfuta, ba abin da zai same shi. Ya ce in mayar da wurin baya. Na mayar. Ya ce in ƙara. A karo na uku bai kalli gilashin kwamfutar ba, ya sunkuyar da kai yana saurare kawai.

Can ya ce, "Ashe haka muryarta take. Wallahi na fara mantawa."

Sai na sake mayarwa.