Sunan da Baba Ya Ƙi Faɗa a Bakin Iyaka

Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Audu mai zuma na Kakangi. Shekara huɗu kuma da ranar da na ga Bafaranshen da ke tsaron iyaka ya rufe fasfonmu ya cusa a aljihunsa, maimakon ya miƙo mana. Kowa a motarmu an buga masa hatimi an mayar masa da nasa. Namu kaɗai aka riƙe. In faɗa muku gaskiya, har yau in na ji an ja sakata a bayana sai na tuna ranar nan.

Ba na rubuta wannan don a ji tausayina ba. Na rubuta ne domin har yanzu akwai masu ba da labarin nan a rumfunan Birnin Gwari suna dariya, wai ga baƙauyen da ya kusa shiga kurkuku saboda ya kasa faɗar sunan 'yarsa. To, ni ce 'yar. Ina wurin. Bari ku ji daga bakina.

Baba mutumin daji ne. Tun yana saurayi yake rataya amya a kan itatuwan da ke bayan Kakangi, yana ɗebo zuma ya kai kasuwa. Ya san inda ɓauna ke shan ruwa, ya san rafin da ba a ƙetarawa da damina, kuma a tsawon rayuwarsa babu wanda ya taɓa tare shi a hanya ya ce ina takardarka. Yana da ƙane, Baffa Sale, wanda ya tashi zuwa Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare masa a ƙasar Faransa ta gabas da Barno, ya zauna can ya yi iyali. Da wasiƙarsa ta zo, Baba ya ƙudura sai ya je ya gan shi. Ya ce a tafi da ni tunda hutun makaranta ne, in riƙa karanta masa abin da aka rubuta a hanya.

Ni na cike takardun da hannuna a Zariya. Aka ɗauke mu hoto. Aka yi mana lambar agana da allurar shawara, aka ba mu kati. Aka aika fasfon aka bugo masa biza, wato izinin shiga ƙasar Faransa. Sunana yana ciki ƙarƙashin nasa, Hauwa'u, 'yarsa. Na duba ya fi sau goma, babu abin da ya rage. Ina taƙama da haka.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, ni ce 'yar fari. Ina da wata bakwai aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, ita ta raine ni. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa sai ya ce wa bango, “A ce wa ta Goggo ta kawo buta.” In baƙo ya tambaye shi wace ce wannan, sai ya sunkuyar da kai ya ce yarinyar gidan nan ce. Ban taɓa jin haushi ba. Haka kakansa ya yi, haka maƙwabcinmu yake yi. Kuma ni na san wanda yake tafiyar yini guda da ƙafa ya kai mini tulun zuma tashar mota duk lokacin da zan koma makaranta.

Da hantsi muka isa shingen iyakar. Bafaranshen ya dubi hoton, ya dube ni da rigar makaranta da takalmi, ya dubi Baba da ƙafa duk faso. Ya yi magana, tafintansa ya juya da Hausar da ta sha Barbarci.

“Ya ce yaya sunan yarinyar nan?”

Baba ya sunkuyar da kai.

“Malam, da kai ake.”

“Ai ga ta nan,” in ji Baba. “Ta san sunanta.”

“'Yarka ce?”

Baba ya kalli ƙasa ya ce, “Ta wajen yayata ce.”

Shi ke nan. Ashe a lokacin ana ta kama masu ƙetarawa da 'yan mata da sunan 'ya'yansu, su kai su gabas su sayar. Ga mutum bai san sunan yarinya ba, takarda ta ce 'yarsa, bakinsa ya ce ta wata. Na buɗe baki na zuba Turancin da na kwashe shekaru ina koya, Bafaranshen bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Tafinta ya ce in yi shiru, duk waɗanda ake sayarwa an koya musu abin da za su faɗa. Sojoji biyu suka riƙe Baba. Ni kuma aka tura ni wani ɗaki mai rufin kwano inda suke tara buhunan da suka ƙwace, aka ce gobe mota za ta kai ni babban gari a ba wa masu riƙon marayu.

Kafin a ja ƙofar na jiyo muryar Iya Delu, taubashiyar Baba daga Kazage, wadda muka taho tare za ta wuce aikin hajji. Ba ta rage murya ba.

“Kai Audu! Ƙudan zuma sun cinye maka harshe ne? Za a tafi da yarinya kana tsaye kana kunya kamar amarya! To zauna, in mun koma ni zan gaya wa yayarka inda ka baro ta.”

Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ƙarar kwano yana ɗaukar zafin rana. Na zauna a kan buhu. Na yi kuka, na gaji, na karanta duk addu'ar da na sani. Abin da ya fi tsorata ni ba masu riƙon marayun ba ne. Na san Baba. Na san zai iya yarda a ɗaure shi shekara bakwai da ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce wannan tawa ce.

Yanzu ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma duk mai niyyar tafiya daga unguwar Magajin Gari ni yake kawo wa takardunsa. Sharuɗɗan sai ƙaruwa suke yi. Hoto kaza, sa hannun hakimi, katin allura da bai wuce wa'adinsa ba, biza ta kowace ƙasa da za ka ratsa. Da Baba yana raye da ya girgiza kai ya ce, ashe yanzu mutum ba ya zama mutum sai an manna fuskarsa a littafi. Ni ba na faɗa da takarda, ina cike ta, kuma ina cike ta daidai. Amma ana ta maganar mulkin kai, ana cewa 'ya'yanmu ne za su zauna a kan teburan nan. To ina gaya wa samarin akawunan da ke kiran abin da Baba ya yi ƙauyanci: in kun zauna, ku san mutanen da za ku yi wa tambaya. Baturen nan baƙo ne, bai sani ba. Ku kuwa iyayenku ne. Wanda ya ga dattijo ya sunkuyar da kai a kan sunan ɗansa na fari ya ɗauke shi ɓarawo ko wawa, shi ne jahilin, ko da ya haddace Turancin duniya.

Ba zan ba kowa haƙuri a madadin mahaifina ba. Bai bar mini gona mai yawa ba, amyoyinsa ma sun ruɓe a daji, babu mai hawa. Abin da ya bar mini ya faru ne a wancan yinin, a bayan ƙofar da aka kulle ni.

Bayan la'asar aka zare sakata. Tafintan ne, fasfonmu a hannunsa, an buga hatimin.

“Fito, 'yan mata. Babu mai taɓa ki. Tsohon ya faɗa.”

Na ce, “Me ya ce?”

“Sunanki, da na uwarki, da ranar da aka haife ki, wai Talata ce ana ruwa. Har inda kika ƙone a gwiwar hannu kina rarrafe. Da ƙarfi fa, kamar mai kiran salla. Har Bature ya ce ya isa, bai daina ba.”

Na fito. Iya Delu tana share ido da gefen mayafi. Baba yana tsaye jikin mota ya juya mini baya, yana gyara igiyar kayan da ba ta kwance ba. Direba ya ji, fasinjoji sun ji, sojojin Faransa sun ji. Ni kaɗai ce ban ji ba, kuma har ya koma ga Allah bai sake faɗa ba.

Da na matso kusa, sai ya ce wa Iya Delu, “A ce mata ta hau, rana na yi.”