Kawu Sule da Danginsa na Fiji

Kun dai san Kawu Sule, ba a gaisawa da shi a tsaye. Ka ce masa "Ya sanyi?" sai ya gyara zama ya ce, "Ai a Fiji..." Shi ke nan, bas ɗinka ta wuce. Shekara biyu kacal ya yi aikin likita a can tun yana saurayi, amma shekara talatin muka yi a Manchester muna shan labarin.

Har na haddace: tsibirai sama da ɗari uku a tsakiyar tekun Pasifik, ga rake, ga kwakwa, ga rogo da gwaza kamar a kasuwar ƙauyenmu. Ruwan sama a Suva, babban birninsu, ba ya sallama. Akwai jikokin Indiyawan da aka kai noman rake, har da masallatansu. Wannan duk mun yarda, tunda yana cikin waya. Abin da muka ƙi yarda da shi ɗaya ne: wai wani ƙauye ya ɗauke shi ɗa, yana da dangi a can. Kuma wallahi rashin yardar nan tana yi masa ciwo.

To ta yaya za a yarda da mutumin da ya fito Stockport Road cikin Disamba da kwat da hula da zani? Matarsa, Anti Binta, ta biyo shi har ƙofa.

"Dakta, don girman Allah! Zanina ne fa!"

"Yau sunansa sulu, tufar mazan Fiji. Sojojinsu ma shi suke ɗaurawa."

"Su ma na matansu suke ɗauka?"

Sai wata Babbar Sallah ya ce oven ɗin Turawa bai iya gasa nama ba. Ya haƙa rami a ɗan filin bayan gidansa na Levenshulme, ya gasa duwatsu, ya naɗe nama da gwaza a ganyen ayaba da ya samo a Rusholme, ya binne. Hayaƙi ya turnuƙe layin. Maƙwabciya ta leƙo, ta ga dattijo da shebur yana rufe rami, ta kira 'yan kwana-kwana. Suka iske shi a kujera ya harɗe ƙafa.

"Ku dawo bayan awa biyu," in ji shi, "bai nuna ba."

Abin haushi, naman ya yi daɗi. Council kuwa, wato ƙaramar hukuma, ta aiko da takarda.

Ranar da muka ƙure shi, amininsa Alhaji Garba ya zo daga unguwar Perry Barr ta Birmingham. Kawu yana ba da labarin wai a ƙauyen ba mai shiga da hula sai sarki, don haka shi ma ya cire tasa. Ni da bakina na ce, "Haba Kawu! Kai da ko likitanka bai taɓa ganin tsakiyar kanka ba?"

Alhaji Garba ya ce, "Sule, rage gishiri, miyar ta ishe mu."

Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce, "Zan kai ku ku gani." Ba a je ba, zuciyarsa ta hana shi doguwar tafiya.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ranar sadakar uku aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙarti uku ne, kowanne ya cika ƙofar, da wata tsohuwa, suna ɗauke da manyan tabarmi saƙar hannu. Suka ƙi kujera, suka zauna a ƙasa. Babbansu ya ce su 'yan Fiji ne, daga Birmingham suke, can aiki ya kawo su, kuma duk wata Kawu yana hawa jirgin ƙasa ya je ya duba su. Mu kuwa mun ɗauka wajen Alhaji Garba yake zuwa. A al'adarsu, in ji shi, ba a zuwa makokin ɗan'uwa sai da tabarma.

Tsohuwar ta riƙe hannun Anti Binta ta ce, "Ba sai mun faɗi ko mu su waye ba. Ya ce kullum yana ba ku labarinmu."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa tambayarsa sunan ko mutum ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da danginsa na kowane gefen teku. Mu kuma ya yafe mana dariyar.