Yadda Maigandi Ya Yi wa Surukinsa Tambaya

Duk unguwar Ƙofar Rini ta Sakkwato ba a taɓa haifar mai baki irin Maigandi ɗan Lawwali marini ba. Tsofaffin unguwa sun rantse cewa ranar sunansa liman bai kai ƙarshen addu'a ba jariri ya sa baki. Da ya fara tafiya kuwa, sai tambaya. Me ya sa ruwan baba ke mai da zane shuɗi? Wa ya haƙa gulbi? Ina rana ke kwana? Ubansa ya gaji, ya miƙa shi makarantar boko don a raba wahalar da wasu. Can ma an ce malamai in suka hango shi tafe sai su sake hanya.

Ya yi makarantar Midil, ya wuce kwaleji, ya dawo da tabarau da keke da farin takalmi wanda ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba. Ya kama aikin akawu, ya auri Jamilatu, ɗiyar Alhaji Tukur, madugun fataken da ke kai tufafi da goro ƙasar Faransi, wajen Ƙonni da Tawa, su dawo da gishiri da dabino.

Ana saura shekara guda a karɓi mulkin kai, sai aka ɗebi masu ilimi irinsa aka kai Zariya ƙarin karatu, a koya musu mulki da yadda ƙasa ke hulɗa da ƙasa, tunda Turawa sun fara ɗaure kaya. Ƙarshen karatun ba jarrabawar zaune ba ce. Raba su aka yi uku-uku, kowace ƙungiya da malamin da ke duba ta, aka ce su fita su binciko wani abu da ƙafarsu. Sharaɗin kuwa mai zafi: aikin na tarayya ne, in mutum ɗaya ya kasa kawo nasa kashin, duka ukun sun faɗi.

Maigandi ya faɗo tare da Bawa, wani Bazamfare mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano, da Yari, siririn Bakatsine mai tsoron faɗuwa fiye da tsoron maciji. Malaminsu wani Bature ne dogo, ana ce masa Mai Lofe, don lofen ba ya barin bakinsa ko da wuta ko babu. Hausarsa ta littafi ce, tsaf-tsaf, kamar an wanke an goge. Abin da aka ba su shi ne yadda mutanen iyakar Ingilishi da Faransi ke sasanta rigimarsu. Bawa ya ɗauki kwastan, Yari ya ɗauki alƙalai, Maigandi ya buga ƙirji ya ce a bar masa fatake.

A cikin mota tun daga Zariya har Gusau yake cika baki. Wai shi ko dutse ya yi wa tambaya sai ya amsa.

Suka iso Sakkwato da rani, fatake duk suna kan hanya. Mai Lofe ya zaga kasuwa yana neman babban madugu, kowa ya ce ai mutum ɗaya ya rage a gari, shi ma ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Bature ya dawo masauki fuska a sake.

"Malam Maigandi, na samo maka mutum. Sunansa Alhaji Tukur."

Tabarau ya zamo daga hancin Maigandi.

Bawa ne ya fara ganewa. Ya faɗi daga kan kujera yana riƙe ciki. "Ranka shi daɗe, ai uban matatai na!"

"Madalla," in ji Mai Lofe. "Ashe aikin zai yi sauƙi."

Sauƙi! Mutumin da tun ranar ɗaurin aure Maigandi bai taɓa ganin fuskarsa sosai ba, ƙafafunsa kawai ya sani. In ya hango shi a bakin kasuwa, sai ya sauka daga keke ya faɗa lungu. An ce akwai ranar da lungun ya ƙare masa, ya tsallake katangar mutane ya dira cikin garken awaki. Shi ma Alhajin haka, don Jamilatu ce ɗiyarsa ta fari, kunyarta da ta mijinta duk a kansa suke. Yanzu wai Maigandi ya zauna gabansa ya ce, faɗa mini kaza, me ya sa ka yi kaza?

Washegari da hantsi suka tafi su huɗu. Tun daga bakin masallacin unguwa Maigandi ya tuɓe farin takalmin ya riƙe a hannu, ƙasa na gasa masa tafin ƙafa. A zaure ya durƙusa can bayan ƙofa, kai a ƙasa. Alhaji Tukur, babban mutum mai farin gemu, da ya ga wanda ya shigo, sai ya mai da ido kan rufin ɗaki kamar mai ƙirga azara. Aka gaisa, aka sake gaisawa. An tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi zafi, har ƙafar mai ciwo an gaishe ta.

"To, Malam Maigandi, bismilla," in ji Mai Lofe.

Maigandi ya ƙara sunkuyar da kai.

"Tambaya ta fari."

Maigandi ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ina gajiya, Baba?"

Aka kawo fura mai sanyi. Bawa da Yari suka sha har da lashe ludayi. Maigandi, wanda maƙogwaronsa ya bushe ƙamas, ya ce shi ya ƙoshi. Alhaji kuma ya tuna wai yana da alwala da zai sabunta, ya ɗingisa ya shige gida, bai sake fitowa ba.

A hanya Mai Lofe ya cire lofe daga baki, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce ya ji batun kunya, ya kuma girmama ta, amma ƙa'ida ita ce kowane ɗalibi ya yi tambayarsa da bakinsa, a gaban malami. Bawa ba zai yi masa ba, Yari ba zai yi masa ba. In babu kashin fatake, babu takardar kowa.

Nan dariyar Bawa ta ƙafe. Yari ya kama rigar Maigandi. "Kai da ka ce dutse zai amsa maka? Don Allah ka ɗauka dutse ne!"

"Ka iya bakinka, uban matata na."

"To ni uban wa zan gaya wa na faɗi saboda kunyar wani?"

Maigandi ya koma gida ya kwanta rigingine a tabarma, ko tuwo bai kalla ba. Jamilatu ta tsaya kansa da mafici. Da ta ji abin da ya faru ta yi dariya har ɗankwali ya faɗi.

"Malam, kai da ko barci kake kana gardama?"

"Ki bari, Jamilatu. Mutum biyu za su hwaɗi sabili da ni."

Ta ga dai abin ya ci masa rai. Ta ɗauki mayafi ta nufi gidansu, ba wajen ubanta ba, wajen kakarta Lantana, uwar Alhaji. Tsohuwa ce ƙarama kamar a sa a aljihu, haƙori biyu ya rage mata, amma muryarta daga Ƙofar Rini ana jin ta a Dundaye, can bayan gari. Ita kaɗai a gidan ke wasa da Maigandi, tana ce masa mijinta, tana yi masa gorin bai taɓa kawo mata ko ƙwayar goro ba.

Da aka koma zauren, sai ga Lantana zaune tsakiya a kan 'yar kujera, ta miƙe ƙafa. Ta sa Alhaji ya juya ya fuskanci ƙofar gida. Ta sa Maigandi ya juya ya fuskanci bango. Ta dubi Bature sama da ƙasa.

"Kai dogo, da bakinai kac ce shi yi tambaya ko? To da bakinai za shi yi. Ni za shi tambaya, ni matatai ta. In wani ya ji daga gefe ya amsa, wanga ba ruwana."

Mai Lofe ya yi ɗan tunani, ya ce ƙa'ida ba ta faɗi inda ɗalibi zai sa idonsa ba.

Maigandi ya yi gyaran murya, ya dubi bango. "Kaka, in an sace ma bahwatake jaki a ƙasar Faransi, wa za shi kai ma ƙara?"

"Ji min miji! Ba ka tambayi lahiyata ba sai ta jaki. Tukur, ka jiya?"

Alhaji ya amsa wa ƙofa. "Inna, ba mu zuwa wurin kumandan, Baturen mulkinsu. Kowane bahwatake na da mai masauki can. Shi ka tsaya mai, shi ka zuwa ga sarkin zango. In nasu ya zo nan anka cuce shi, ni ka tsayawa."

Alƙalamin Yari ya fara gudu. Maigandi ya ji amsa ta fito, sai tsohon ciwonsa ya motsa. Tambaya ta bi tambaya. In mai masaukin ya ƙi fa? In ɓarawon ya tsallako wannan gefen fa? Wa ke shaida, tunda alƙalin can ba ya jin na nan? Alhaji na ba ƙofa amsa dalla-dalla, har da labarin shekarar da aka rufe hanya, manyan fatake na gefe biyu suka haɗu a gindin wata tsamiya suka raba gardama, babu Bature ko ɗaya a wurin.

"Kaka, su masu tsaron iyaka sun taɓa tsare ayari?"

"Sun taɓa tsare shi shi kanai!" in ji Lantana. "Tukur, hwaɗa masu randa jakinka ya cinye ma sojan Faransi hula, anka sa ka tsayuwa cikin rana kana ba jaki haƙuri shi amayo ta."

"Inna!"

"Ƙarya ni kai?"

Bawa ya toshe baki da hula ya fita a guje. Kafaɗun Maigandi suka dinga rawa, ya manna goshi da bango yana istigfari. Daga wajen ƙofa kuma aka ji wani ɗan sauti, wanda Alhaji ya ce tari ne.

Har azahar Maigandi bai gama ba. Sai da Lantana ta ce bayanta ya ƙage, kuma miji mai surutu haka ita ta sake shi. Mai Lofe ya miƙe ya ce kashin fatake ya cika, har ya yi yawa.

Su ukun suka ci. Bawa ya shiga kwastan, Yari ya zama babban akawun kotu, Maigandi kuma bayan mulkin kai aka ba shi aikin da ya shafi iyaka, ya yi shekara da shekaru yana zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Ƙonni yana damun mutanen ƙasa biyu da tambaya.

Amma ranar da labarin cin ya iso, ya je gidan surukai da ƙwaryar goro cike. Ya durƙusa a bakin zaure. Alhaji na ciki, Lantana na gefe tana ɓare goron tun ba a ce nata ba ne. Alhaji ya dubi rufi ya ce, "Inna, a hwaɗa ma mutumin ga ya yi ƙoƙari. Allah shi yi albarka."

Lantana ta jefa goro a baki. "Ni na aje aiki. Ga ka ga shi, hwaɗa mai da kanka."

Alhaji ya tashi ya shige gida, ciwon ƙafar ma ya manta da shi. Maigandi ya zabura ya yi waje, ya bar keke da takalmi a ƙofa, sai da yamma Jamilatu ta zo ta kwashe.