Saƙon Hajiya Daga Cikin Jirgi

Mahaifiyarmu, Hajiya, ba ta iya rubutu a waya ba, sai dai ta danna ta yi magana. Mu kuma a gidanmu na Tarauni mun taso da sanin cewa jirgi na ɗagawa da mutum wayarsa ta mutu, sai ya sauka. Babu wanda ya taɓa gaya mana yanzu ana saka intanet a cikin jirgi.

Ranar da za ta tafi Umara, mai adaidaita sahun da ya saba kai ta asibiti ne ya kai ta filin jirgi. Magidanci ne, ɗan ƙauye, yana tsayawa a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi. Shi ya riƙe mata jakar hannu tun daga ƙofar gida.

Jirgi ya jima da tashi sai ga saƙo daga lambarta, a rubuce: "Ina lafiya, kada ku damu."

Yayana, wanda dama zuciyarsa a kusa take, ya miƙe tsaye. "Hajiya tana sama, kuma ba ta rubutu. Wayar nan tana hannun wani ɗan iska a garin nan!"

Na ce ya bari mu bincika. Ina! Har ya fice. Na yafa mayafi na bi shi.

Ya tarar da mai adaidaitar a inda ya saba tsayawa yana goge gilashi. Ko sallama babu, ya shaƙe masa wuya ya kwarma ihu: "Ɓarawon waya!" A Kano ta yanzu wannan kalma ta isa. Mai shayi ya taho da benci, wasu da gora, waɗanda ko fuskar Hajiya ba su taɓa gani ba. Mai adaidaitar yana cewa, "Alhaji, ka caje ni! Wallahi ka caje ni!" aka rufe masa baki da dutse. Ya tare kai da hannun dama, wani ya sauke masa bulo a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashin.

A lokacin wayata ta yi motsi. Hoton Hajiya ne a gefen taga, gajimare a bayanta, tana murmushi. Ashe matar da ke kusa da ita ce ta haɗa mata intanet ɗin jirgin, ita ta rubuta mata saƙon. Na kutsa ina ɗaga hoton, ina ihu har muryata ta dishe. Matsoratan banza, kowa ya yar da abin hannunsa ya sulale. Har yau in na tuna su raina ɓaci yake.

Ya rayu, amma hannun bai sake murɗa totur ɗin adaidaita ba. 'Yan'uwansa suka mayar da shi ƙauye. Yayana ya hana a gaya wa Hajiya, wai kada a ɓata mata ibada.

Da ta dawo tana rabon tsaraba, ta ware jallabiya da dabino da zamzam gefe guda.

"Ku kira min direbana," in ji ta. "Na yi masa addu'a a gaban Ka'aba, Allah ya ba shi keken kansa."