Hayaƙi a Katangar Tsohuwa

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

Lokacin ina karatu a Manchester, ni da maigidana muna zaune a Levenshulme. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau a rufe laburare, gobe a rufe wurin wasan yara. Ɗan ajin koyon ɗaukar hoto da nake zuwa a unguwarmu ma bai tsira ba. A ajin na saba da wata tsohuwar Baturiya mai gona a cikin tsaunukan bayan gari. Ranar da aka sallame mu ta ce kada in bar kyamarata ta yi ƙura, in zo gonarta mu kafa tanti, akwai abin da za ta nuna mini.

Da sanyi ya wuce muka shirya. Yayan maigidana da ke Birmingham ya ji labari, ya ce ai da shi za a. Mutum ne mai kyauta, wannan ba zan hana shi ba, amma irin mutanen nan ne da ba a taɓa kawo zancen da ba su riga kowa saninsa ba.

Muka isa gonar muka kwana a tanti. Da safe tsohuwar ta ja ni ni kaɗai zuwa wata katangar duwatsu a ƙarshen gona, irin wadda ake jerawa ba siminti. Ta ce in kwanta rub da ciki, ko tari kada in yi. Raɓa ta jiƙa mini hijabi sharkaf, har na fara tunanin ko tsohuwa ta fara ruɗewa ne. Can sai ga wani ɗan mitsitsin kai ya leƙo daga tsakanin duwatsu. Dabbar da suke kira stoat ce, siririya kamar tunku amma ba ta kai shi girma ba, bayanta ja-ja, cikinta fari tas, ƙarshen wutsiyarta baƙi. Ta miƙe kan ƙafafun baya ta duba gabas ta duba yamma, sai ga 'ya'yanta sun ɓullo, suna kokawa suna tuntsurawa a ciyawa. Ban san lokacin da na cika kyamara da hotuna ba. Har da wanda uwar take jan zomon da ya fi ta girma, tana turjewa tana ƙara ja.

Wajen cin abinci na nuna wa maigidana da Yaya hotunan, baki har kunne. Yaya ya ƙura wa hoton ido.

"Af! Wannan ai ɗan'uwan tunku ne. Kuma matar nan kaji gare ta? Wallahi sai ya ƙarar da su, one by one."

Na ce, "Yaya, ai ta san da su. Ita ta nuna mini."

"Ta san me? Tsohuwa ce, ba namiji a gidan. Ta ba mu wuri free, ai mu ma sai mu yi mata wani abu."

Na ɗauka cika baki ne irin nasa.

Bayan la'asar na je famfon bayan gidan ɗebo ruwa. Ina dawowa da bokiti na ji warin hayaƙi. Abin da yara ke yi wa gafiya a gida, shi Yaya ya yi. Ya liƙe ramukan katangar da laka, ya cusa busasshiyar ciyawa a guda ya cinna wuta, ya bar ƙofa ɗaya ya tsaya a bakinta da sanda. Maigidana na gefe, hannu a aljihu, yana kallon takalminsa.

"Yaya, don girman Allah, akwai 'ya'ya a ciki!"

"Yawwa, gara haka, a gama da su gaba ɗaya. Ke matsa mini."

Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa ɗaga masa murya ba, ko ido ba na haɗawa da shi. Ranar kuwa sai da na sheƙa bokitin nan a kan wutar, har da wandonsa. Na tsaya tsakaninsa da katangar ina yakushe lakar da hannu.

Sai ga uwar ta fito da ɗa guda a baki. Ta bi ta tsakanin ƙafafunmu, dabbar da ɗazu ko motsin yatsa na korar ta, ta ajiye shi cikin ciyawa, ta koma cikin hayaƙin. Ta sake fitowa da wani, ta sake komawa. Na ƙarshen da ta fito da shi bai motsa ba. Ta tura shi da hanci, ta zagaya shi, ta sake turawa. Kyamara na rataye a wuyana, amma ko hoto ɗaya ban ɗauka ba.

Hayaƙin ne ya kawo tsohuwar. Yaya ya gyara tsayuwa ya shiga zuba Turanci, wai ya ceto mata kaji. Ta bar shi ya gama tsaf.

Ta ce, "Tun da dabbar nan ta zo ɓera bai ƙara shiga ɗakin abincin kajina ba. Ko da ta ci kaza ma, kazata ce. Wa ya tambaye ni?"

Ta durƙusa da ƙyar, ta naɗe gawar a hankicinta. Da ta ɗago ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Ke na nuna wa," in ji ta.

Ba ta kore mu ba, mu muka naɗe tantinmu. A mota Yaya sai faɗa yake, wai mutanen ƙasar nan ba su san alheri ba, dabba ta fi musu mutum. Maigidana ya rage murya ya ce, "Ki yi haƙuri, he meant well." Wallahi wannan maganar ta fi ta Yaya ƙona mini rai.

Daga baya na kira ta na ba ta haƙuri. Ta amsa cikin mutunci, ta ce uwar ta kwashe sauran a yammacin, kuma ba ta sake ganinsu ba. Ba ta ce in dawo ba, ni ma ban da fuskar tambaya. Yaya kuwa har yau in aka taru a Birmingham yana ba da labarin, ana dariya, shi ne gwanin da aka yi wa butulci.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta ba kowa izinin shiga abin da ba nasa ba. In za ka yi wa mutum alheri, fara tambayarsa ko yana so. Tambaya ɗaya tak Yaya zai yi wa matar nan a ƙofar gidanta, amma ya ga ya fi ƙarfin yin ta.